Sanarwa kan zaman duba izini da silsila

Assalamu alaikum ƴan'uwa, Allah ya ƙara mana albarkar Shehu.

Ranar Asabar bayan sallar Isha'i za mu zauna a zawiyya. Dalili shi ne gardamar da ta taso kan waɗanda ke laƙƙana wuridi alhali ba a san muƙaddamin (wakilin ɗariƙar Tijjaniyya mai ba da wuridi) da ya ba su izini ba. Duk mai da'awar taƙadimi, wato cewa shi muƙaddami ne, ya zo da takardar izininsa, a karanta silsilar, wato jerin malaman da izinin ya biyo ta hannunsu, har zuwa Shehu Ahmadu Tijjani. Hoton waya bai wadatar ba, takardar kanta muke so.

Batun adadin salatin Jauharatul Kamali kuwa, zawiyyarmu sau goma sha biyu take karanta ta a wazifa. Masu goma sha ɗaya mabiya Shehu Hamahullah ne na Nioro a Mali. Tsohon saɓani ne, kada wani ya zagi kowa a kansa. Wanda ya yi taimama ya karanta Salatul Fatihi 20 a madadin Jauharar.

Asrari (addu'o'in sirri) da wuridai na musamman kada a sake turo su nan cikin rukuni, baki da baki ake karɓarsu. Kowa ya kawo naira 500 na kwafin darasi.

Allah ya haɗa mu da alheri.
Masu kula da rukuni