Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta 'Yan Gishiri, Zangon Kumasi

Assalamu alaikum iyayenmu, alhazai da hajiyoyi, da sauran 'yan'uwa.

Babban aikin bana shi ne tattakin da kwamiti ya yi zuwa garin Ada da ke gaɓar teku, bakin tafkin Songor inda ake samun gishiri daga ruwan teku, a tsakiyar hunturu. Mun daɗe muna saye a hannun dillalai, da yawanmu ba mu taɓa ganin inda gishirin ke fitowa ba, alhali tun zamanin kakanni gishirin Ada ke hawa kogin Volta a kwalekwale, fatake su tarbe shi a Salaga.

Lita ɗaya ta ruwan teku, gishirin cikinta kusan giram 35 ne kawai. Ana tare ruwan a fili marar zurfi, rana da iska su yi ta shan sa, sai kusan kashi 9 cikin 10 ya ƙafe sannan gishiri ya fara kwanciya. Ragowar ruwan ɗaci gare shi, kuma ashe shi ke ja mana asara. In aka ɗura gishiri a buhu bai tsane ba, ɗacin nan yana jawo laima, buhu ya yi ta naso a mota. Kafin a kai Tamale ko Bolga ya rame, mai saye ya ce an tauye masa mudu. Haka ya same mu a lodin farko, kuma laifin namu ne, garaje muka yi don arha.

Saboda haka kwamiti ya yanke: ba za a sayi na ranar kwasa ba, sai tsibin da ya kwana biyu a rana. A damƙa a hannu, in ya dunƙule a bar shi.

Mun kama hayar shagon ajiya, an shimfiɗa katako don kada buhu ya taɓa ƙasa. Daga Afrilu ruwan sama ke tsayar da kwasa, farashi ya hau, to wanda ya ajiye a hunturu shi ya ga riba.

Batun sinadarin aidin kuwa, tun 1996 dokar Ghana ta wajabta sa shi a gishirin ci, don kare jama'a daga maƙoƙo. Har yanzu wasunmu na sakaci, ba za mu ambaci suna ba. In jami'ai suka kama kaya, ƙungiya ba za ta shiga ba.

Ma'aji zai karanta lissafin asusu a taron bayan Sallah. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a zo da shi.

Sakatare