Sanarwa: littafin da za mu tattauna a wannan watan

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Wannan karon littafin zane na matasa muka zaɓa, As the Crow Flies na Melanie Gillman, wanda aka buga a Amurka a 2017 bayan ya fara fitowa a intanet. Duk shafukansa da fensir mai launi aka zana su, har kana ganin sawun fensirin a jikin duwatsu.

Labarin Charlie ne, baƙar fata ƴar shekara 13, da ta tsinci kanta a sansanin ƴan mata Kiristoci, kusan duk farare, ana hawan dutse da jaka a baya. A hanya ta shaƙu da Sydney, wadda aka haifa a matsayin namiji amma take rayuwa a matsayin mace, tana ɓoye sirrinta don tsoro. Shirun da ke tsakaninsu ya fi taɓa ni.

Na san batun zai yi wa wasunmu nauyi. Don Allah a karanta tukuna, kowa ya faɗi ra'ayinsa ba zagi ba gori. Mu haɗu ranar Asabar bayan sallar isha'i.