Idan maganin ADHD ya yanke, da me ake maye gurbinsa?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin iyayen yaran da likita ya tabbatar suna da lalurar ADHD, wato ƙiriniya da rashin natsuwar da suka wuce na ƙuruciya har suna hana yaro karatu. Maganin da aka fi rubuta musu shi ne methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin ko Concerta, kuma yankewarsa ba baƙon abu ba ne. Yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, don haka ba a shigo da shi Najeriya sai da izinin NAFDAC, ba a kuma ba da shi sai da takardar likita. Ko ƙasashen da ake yin irin waɗannan magunguna ba su tsira ba. Amurka ta sanar da ƙarancin Adderall, wani maganin ADHD, a Oktoban 2022, Ingila kuma ta fitar da gargaɗin ƙarancin magungunan ADHD a Satumban 2023.

Muna so hankalin iyaye ya kwanta a kan abu ɗaya. Yaron da ke shan adadin da likita ya rubuta, idan maganin ya ƙare, ba ya shiga haɗari. Zai iya yin kwana biyu ko uku yana kasala, ga yawan ci, ga saurin fushi, ƙiriniyar kuma ta dawo kamar da. Haɗarin yana cikin abin da ake ɗirka masa a madadin maganin.

Canjin da ya fi sauƙi shi ne a samo methylphenidate ɗin a wata siffa. Akwai ƙaramar ƙwaya mai aikin awa 3 zuwa 4, akwai mai dogon zango da ake sha sau ɗaya da safe, kuma sau da yawa ɗaya ce ke yankewa ta bar ɗayar. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne: Concerta mai miligiram 18 daidai yake da miligiram 5 na ƙaramar ƙwaya sau uku a rana, mai 36 daidai da miligiram 10 sau uku, mai 54 daidai da 15 sau uku. Wahalar tana wurin shan ƙwayar tsakar rana, domin yakan faɗo lokacin da yaro yake makaranta. A damƙa ƙwayar a hannun malami guda da aka amince da shi, kada a sa ta a jakar yaro. Shan ƙarshe kuma kada ya wuce la'asar, in ba haka ba sai sha biyun dare ta yi idonsa biyu. A ba shi abinci kafin ya sha, don maganin yana kashe sha'awar ci.

Su ma masu dogon zangon ba ɗaya suke ba, ko da lambar da ke jikin kwali ta zo kusa. Concerta yana sakin kashi 22 cikin ɗari nan take, sauran a hankali har wajen awa 12. Equasym XL yana sakin kashi 30, Medikinet XL kuwa rabi, kuma su biyun wajen awa 8 suke yi. Shi ya sa yaron da aka sauya masa zai iya natsuwa sosai da safe, amma da yamma ya rikice a Islamiyya. Medikinet XL sai da karin kumallo ko bayansa, domin a cikin da babu komai yakan yi aiki da wuri ya ƙare da wuri.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne raba Concerta biyu don ya daɗe. Ƙwayar tana da ɓawo mai tauri da wani ɗan rami da ido ba ya gani, ruwan hanji ne ke shiga yana tura maganin waje kaɗan-kaɗan. Idan aka fasa ta, wannan tsari ya lalace, maganin yini guda zai iya zubowa lokaci ɗaya. Rabin mai 36 ba ya zama mai 18. Ɓawon kuma yakan fito a bayan gida kamar ba a taɓa shi ba, wannan ba alamar jabu ba ce. Wanda yake son ya ja sauran maganinsa, ya nemi yardar likita a riƙa tsallake ranakun da babu makaranta. Ba kowane yaro wannan ya dace da shi ba. Mai zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi, ko mai faɗawa titi ba ya waiwaye, hutun zai fi cutar da shi.

Dangin amphetamine, irin su lisdexamfetamine da ake sayarwa da sunan Elvanse ko Vyvanse, su ne mataki na gaba a Turai da Amurka, amma samunsu a nan ya fi na Ritalin wuya. Ba a kwafo adadin miligiram na methylphenidate a ɗora musu, daga ƙasa ake farawa.

Sai atomoxetine, wanda wasu suka sani da Strattera. Ba ya cikin masu zaburar da ƙwaƙwalwa irin su Ritalin, babu takunkumin da ke kan Ritalin a kansa, shi ya sa ake saurin komawa gare shi. A ganinmu nan ne aka fi yin gaggawar da ba ta da amfani. Ritalin yana fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, shi kuwa atomoxetine sai an yi mako 4 zuwa 6 ana sha kullum, har da ranakun hutu, kafin a ga canji, wani ma sai ya kai mako 12. Idan yankewar ta mako biyu ce, kafin ya kama aiki na asalin ya dawo, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Amfaninsa yana ga wanda maganinsa ke yankewa wata bayan wata, ko wanda methylphenidate ke hana shi barci da ci.

Da nauyin jiki ake auna shi. Yaro mai ƙasa da kilo 70 yana farawa da rabin miligiram a kowane kilo na tsawon mako guda, sannan a ɗaga zuwa wajen miligiram 1.2 a kowane kilo. Mai kilo 30 ke nan zai fara da kusan 15 ya tsaya kusan 36, likita ya zaɓi kafson da ya fi kusa. Babba yana farawa da miligiram 40, a kai shi 80. Ba a buɗe kafson, garin cikinsa yana ƙona ido. Tashin zuciya da ciwon ciki na makon farko sukan lafa idan ana sha da abinci. Amma idan ido ya yi rawaya irin na shawara, ko fitsari ya yi duhu, a tsayar a tafi asibiti, hanta ce. Haka idan yaro ya soma maganar mutuwa ko cutar da kansa. Mai shan fluoxetine na ciwon damuwa ko salbutamol na asma, da wanda za a rubuta wa maganin zazzaɓin cizon sauro, a gaya wa likita yana kan atomoxetine.

Guanfacine da clonidine asalinsu magungunan hawan jini ne. Suna rage ƙiriniya, suna sa barci, suna saukar da jini da bugun zuciya, don haka a zafin bazara ko lokacin azumi yaro zai iya jin jiri har ya faɗi. Su ba a tsayar da su farat ɗaya, jini yakan yi tashin gwauron zabi. Guanfacine ana fara shi da miligiram 1, ana ƙara 1 duk mako, ana sauke shi da miligiram 1 duk kwana 3 zuwa 7. Kada a fara shi sai an tabbatar za a ci gaba da samu. Clonidine kuwa a kulle shi, ƙwaya ɗaya tana iya sumar da ɗan yaye. Imipramine da bupropion wasu likitoci na amfani da su idan babu mafita, amma na farkon yana taɓa zuciya, na biyun ba a ba mai farfaɗiya.

Abin da muke roƙon iyaye su guje wa shi ne zuwa kemis a ce a ba da abin da zai kwantar da yaro. Piriton da diazepam da Largactil suna sa shi gyangyaɗi ne kawai, ba sa ƙara masa fahimtar karatu. Manya masu lalurar kuma, tramadol ba madadi ba ne. Ɗan uwan da za a aika ya taho da maganin daga waje ba tare da takardun izini ba, yana iya kwana a hannun NDLEA.

A koma asibiti tun saura maganin kwana goma, a tafi da kwalin, a nemi likita ya rubuta sunan methylphenidate da siffar da za a iya karɓa idan ba a sami ta farko ba. Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa da Kware da Maiduguri, nan ne wuraren fara tambaya. Idan maganin ya dawo bayan makonni, a auna nauyin yaro da jininsa da bugun zuciyarsa, likita ya duba ko za a sake farawa daga ƙaramin adadi.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, Kano.