Wasiƙa daga Argungu kan jinyar Duna

Argungu, Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da aiki, da ruwan saman Fatakwal. Mu nan sai godiya, zafi ne dai ya sa mu gaba. Baba yana lafiya. Inna ma ƙafar ta yi sauƙi, har ta fara fita unguwa.

Na saurari saƙonka na murya kan rashin lafiyar Duna, tsohon karen gidanku, na kuma ji damuwar da ke cikinsa. Na ga gara in zauna in rubuto maka, don maganar tana da tsawo, kuma ina so ka karanta ta a natse kafin ka turo kuɗin wani magani. Duna yana raye, ya fara cin abinci, jiya ma ya taka da ƙafarsa har bakin rijiya. Ka kwantar da hankalinka tukuna.

Da autanku ya zo ya kira ni, na sami Duna a lambun Baba, kwance gindin darbejiya. Ka san yadda yake tarbar mutum tun daga bakin shinge. Ran nan bai ko ɗaga kai ba, wutsiya kawai ya kaɗa. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat, ga shi a bushe yana kama yatsa. Na danna shi na saki. A lafiyayyen kare jan yakan dawo cikin daƙiƙa 2, nasa sai da na jira. Na tsunkuli fatar wuyansa na ɗaga, ta tsaya a tsaye kafin ta koma a hankali, alamar ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai. Sai na ce a nuna mini inda yake kashi. A bayan rumbu na gani, baƙi ƙirin, mai danƙo, da wani irin wari da wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Jini ne da ya zuba a cikin tumbi, ya narke tare da abinci kafin ya fito.

Na tambayi yaron me aka ba shi. Ya zaro leda daga aljihu: ibufurofen mai miligiram 400, da ƙananan fararen ƙwayoyin deksa, wato deksametazon, maganin kumburi. Wai ya je kemis ya ce tsohon karensu ba ya iya tashi da safe, mai kemis ya haɗa masa abin da yake haɗa wa tsofaffi masu ciwon gwiwa. Safe da yamma yake tura masa cikin tuwo, kusan mako guda. Kwanakin farko karen ya miƙe har yana korar awaki, shi ya sa yaron ya ci gaba da murnarsa. Ina roƙonka kada ka yi masa faɗa. Tausayi ne ya kai shi kemis, da kuɗin aljihunsa, kuma tun ranar shi ke kwana a lambun.

Ka tambaye ni yadda za a yi ƙwayar da kai kake haɗiya ka tafi aiki ta kwantar da kare haka. Ga yadda abin yake. Ibufurofen da dikilofenak da nafuroksen da asfirin duk gida ɗaya ne. Aikinsu shi ne su hana jiki ƙera wasu sinadarai da ke kawo kumburi da raɗaɗi. To, dangin waɗannan sinadaran su ne kuma ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narka abinci, su ne kuma ke buɗe hanyoyin jini a cikin ƙoda. Magani ba ya tantancewa. Yana kashe ciwon gaɓa, yana kuma tsiraita tumbi. Jikin kare ba ya fitar da irin waɗannan magunguna yadda namu ke yi. Hanta takan tura su hanji, hanji ya sake tsotse su ya mayar cikin jini. Nafuroksen, alal misali, jikin mutum kan rage rabinsa cikin kamar awa 12 zuwa 17, amma kare sai ya yi kusan kwana 3. Ke nan ƙwayar yau tana tarar da ta jiya da ta shekaranjiya ba su fita ba. Sannan ka duba nauyi. Na ɗora Duna a sikelin masu shinkafa, kilo 20 ne. An ba shi abin da aka auna don ƙato mai kilo 70.

Deksa kuwa ita ta ƙarasa ɓarnar. Duk wanda ya koyi aikin dabbobi an ja masa kunne kada ya haɗa ta da waɗancan, domin ita ma tana raunana bangon tumbi, tana kuma hana miki warkewa. In suka haɗu, gyambon yana iya huda tumbin gaba ɗaya, abin ciki ya tsiyaya, kuma daga nan sai dai ikon Allah. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan haɗin ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu, ga dabba ga mutum. Ina ganinsa wurin mafarauta bayan an dawo daga daji, ina ganinsa wurin makiyaya.

Amma tsorona a yanzu ya fi karkata ga ƙoda. Gyambon ciki yana nuna kansa, ka ga amai, ka ga baƙin kashi, kuma in an tare shi da wuri yana warkewa. Ƙoda ba ta magana. Tsohon kare, irin Duna da ya haura shekara 10, sau da yawa ƙodarsa ta riga ta rage ƙarfi ba wanda ya sani, domin gwajin jinin da aka saba yi ba ya nuna matsala sai kusan kashi 75 cikin 100 na aikinta ya tafi. Ka ɗora zafin bazararmu a kan wannan, inda rana ke wuce digiri 40, kare yana haki tun hantsi har la'asar, ruwan jikinsa yana fita ta baki. A irin wannan hali ƙoda ta dogara ne kacokan ga sinadaran nan don jini ya ci gaba da isa gare ta. Ka tuna noman rani a fadamarmu: ruwa ya riga ya ja baya, shinkafa tana rayuwa da ɗan abin da ke bin magudana, sai wani ya zo ya toshe magudanar. Abin da ƙwayar ke yi wa ƙodar kare mai ƙishirwa ke nan. Maganin da zai iya wucewa lafiya da hunturu yana iya kashewa a watan Afrilu.

Ko ka taɓa jin abin da ya sami ungulu a Indiya? Daga shekarun 1990 suka riƙa mutuwa har wasu nau'o'insu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Da aka bincika, dikilofenak ne da ake yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu, ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta tsaya. A 2006 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi. Ina kawo maka wannan ne don na san a gidanku akwai dikilofenak, Inna tana shafa na shafawa a gwiwa. Na ce mata ta riƙa ɓoye shi, kada kuma ta bar karen ya lashi wurin.

Abin da muka yi masa ba shi da yawa. Mun tsayar da ƙwayoyin nan take, likitan dabbobi ya zo ya sa masa ƙarin ruwa, ya rubuta omefurazol don rage tsamin ciki da wani mai rufe bakin gyambo. Abinci kaɗan-kaɗan, shinkafa mai laushi da dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya. Kashin ya fara komawa kalarsa.

Yanzu ga tambayoyinka biyu. Ka ce ko a saya masa tiramadol tunda ka ji an ce ya fi ƙarfi. Ban goyi baya ba. Jikin mutum yana juya tiramadol ya koma wani sinadari, shi ne ke kashe ciwo, jikin kare kuwa kaɗan yake iya juyawa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jojiya ta Amurka, aka wallafa a 2018, ya gwada shi a kan karnuka masu ciwon gaɓoɓi, bai sami amfanin da ya yi musu ba. Abin da za ka gani shi ne barci da layi da taurin kashi, ka zaci ya samu sauƙi alhali maye ne ya kwantar da shi. Ban da haka, ka san halin da matasanmu ke ciki da wannan ƙwaya. Ba zan aiki yaro ɗan shekara goma sha wani abu ya je nemanta ba, ba kuma zan so ta kwana a gidan Baba ba.

Tambayarka ta biyu kuma kan Panadol ce, wato farasitamol: likita yana iya ba kare shi a gwargwadon da ya auna, amma in ya zarce yana lalata hanta da jini, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Wanda aka haɗa da sinadarin kafeyin ya fi muni. Kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, ka gaya wa uwargida tunda na san tana kiwonsu.

Kada duk wannan ya sa ka ce to a bar shi da ciwonsa. Wani maƙwabcin lambu ya faɗa mini haka, wai kare ne, in kwanansa ya ƙare shi ke nan. Ban ji daɗin maganar ba. Karen nan ya yi shekaru yana tsare wa Baba lambu da tumaki, dare da rana, kuma tsaron gona da dabbobi yana cikin abin da addini ya halatta a riƙe kare dominsa. Mun kuma taso muna jin hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Kare bai cika kuka don ciwon gaɓa ba. Sai dai ka ga yana jinkirin tashi, yana ɗingishi da sanyin safiya, yana lasar gwiwa, ya daina tsallake kwalbati. Ciwo ne na gaske, kuma yana da magani. Hanya ce dai ake bi.

Hanyar ita ce a fara da gwajin jini, a ga ƙoda da hanta da yawan jinin. Ina so in kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100 ce daga nan, mu fita da asuba kafin rana ta yi. Akwai dalili na biyu. Na cire masa kaska da yawa a kunne da tsakanin yatsu, kuma cutar da kaska ke sa wa kare tana kawo ciwon gaɓoɓi da kasala, tana kuma rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini. In ita ce, to maganinta daban ne, kuma maganin raɗaɗi zai ƙara masa zubar jini ne kawai.

In gwaji ya yi kyau, cikin kuma ya warke sarai, akwai waɗanda aka yi don karnuka: meloksikam, da ake sayarwa da sunan Metacam, da karfurofen, wato Rimadyl. Su ma daga wancan gidan suka fito, sai dai sun fi sauƙi ga tumbin kare kuma an san ma'auninsu. Meloksikam miligiram 0.1 ne ga kowane kilo a rana, ke nan Duna miligiram 2 zai sha. Ƙaramar ƙwayar mutane miligiram 7.5 ce, kusan ninki huɗu, shi ya sa na ruwa da ake ja da sirinji ya fi, kuma shi nake so ka nema mana a can in likita ya amince. Ana ba shi ne bayan ya ci abinci. Ranar da bai ci ba, ko ya yi amai, ko zawo, ba a ba shi. Karfurofen yakan taɓa hantar wasu karnuka, galibi a makonnin farko, don haka ana sake gwaji bayan an fara. In kuma ƙodar ta taɓu, duk wannan gidan an rufe shi, sai a koma ga irin su gabafentin, wanda shi ma ke sa barci da tangaɗi a ƙafafun baya, kuma dole a rage shi ga mai raunin ƙoda.

Na zaunar da autanku na koya masa abin da zai riƙa dubawa kowace safiya, na kuma sa ya maimaita mini. Ya ɗaga leɓe ya ga dasashi, ja ne, fari ne, ko ya yi rawaya irin na shawara. Ya duba farin ido. Ya je bayan rumbu ya ga kashi. Ya lura ko kaskon ruwa yana ƙarewa da wuri fiye da da, ko fitsari ya yawaita, ko ya ɗauke. Ko ɗaya ya gani, ya tsayar da magani ya kira ni, ko tsakar dare ne. Yaron yana da kai, ya riƙe.

Sauran kuwa ba na kuɗi ba ne. Mun ajiye masa kasko biyu na ruwa a inuwa, ana sabuntawa. Mun shimfiɗa masa buhunan da aka cusa wa ƙaiƙayi, ya daina kwana a kan busasshiyar ƙasa. Na hana yara fita da shi farauta, sai ɗan zagayen lambu da safe da bayan la'asar, domin zama wuri ɗaya ma yana ƙara sandarar da gaɓa. Da hunturu za a mayar da shi cikin bukka. Na kuma roƙi Inna ta rage masa ƙanzo da kitse in ya murmure, don duk kilon da ya ƙaru a kan ƙugunsa zai sauka.

Abin da nake jira daga gare ka shi ne amincewarka da tafiyar Sakkwato, da kuɗin mota da na gwaji. Zan tambayi adadin in sanar da kai ta waya. Kada ka sayi komai tukuna sai sakamako ya fito. Ka kuma kira autanku ka yi masa magana mai daɗi, yana jin nauyinka ƙwarai.

Baba ya ce in tambaye ka ko za ka zo da babbar Sallah. Mai ɗakina tana gaida uwargida, yara suna gaida 'yan'uwansu. Ka gaishe mini da duk mutanenmu na Kabi da ke can. Allah Ya ba Duna lafiya, Ya tsare ka a inda kake, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Argungu.