Wasiƙa zuwa ga aminina kan batun farautar kudancin Afirka

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin cewa niyyar farautar nan tana nan daram. Ka ce in taya ka neman kamfani mai sauƙin kuɗi kuma mai amana. To ga abin da nake gani.

Fara da zaɓen ƙasa, don a nan rabin arahar take. Kenya cire ta a lissafi, ta haramta irin wannan farauta tun 1977. Tanzaniya akwai daji na gaske, amma tsadarta sai masu hannu da shuni. Mai tafiyar farko irinka, Namibiya ko Afirka ta Kudu ta fi masa, musamman lardin Limpopo ko Gabashin Kef. Sannan ka haƙura da ɓauna da damisa tukuna. Ɓauna guda takan ci sama da dala 10,000, ga shi a yawancin ƙasashen ba a yarda a harbe ta da bindigar da kaurin harsashinta bai kai inci .375 ba. Da kuɗin da bai kai haka ba za ka yi mako kana bin mariri da jakin dawa da dangin barewa irin su impala da wadda ake kira "kudu" mai murɗaɗɗen ƙaho.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne lissafi. Kuɗin iri biyu ne: na kowace rana, wanda ya haɗa masauki, abinci, mota, masu bin sawu da ƙwararren maharbin da zai raka ka; sai kuɗin kowace dabba da ka harba. Ka sani, in ka ji wa dabba rauni ta tsere, aka ga ɗigon jini a kan ciyawa, ka saye ta ke nan, ko an same ta ko ba a same ta ba. Bayan haka akwai abubuwan da talla ba ta cika faɗa ba: ɗauko ka daga filin jirgi, hayar bindiga da harsashi, haraji, tukuicin masu fiɗa da masu girki, gyaran fata da ƙaho, da kuɗin aiko maka su gida. Wannan na ƙarshe shi ke tayar wa mutane da hankali, don sai bayan watanni takardar kuɗin ke zuwa. Saboda haka kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuto maka komai dalla-dalla, har da abin da za a mayar maka in tafiya ta fasa. Wanda ya fara kwana-kwana a kan rubutu, ka bar shi, komai daɗin bakinsa.

Game da amana kuwa, ka nemi lambar lasisin kamfanin da ta maharbin, ka tura wa ƙungiyarsu ta tabbatar maka: NAPHA a Namibiya, PHASA a Afirka ta Kudu. Ka ce su ba ka lambobin waɗanda suka yi farauta da su bara, ka kira da kanka, kuma ka roƙi a haɗa ka da wanda bai samu dabbar da ya je nema ba. Bakin wannan ya fi gaskiya. Ka tambayi faɗin filin da za a kai ka, da ko dabbobin a nan suke hayayyafa ko sayo su ake yi a zuba. Wallahi ba na so ka biya kuɗinka a kai ka harbin zakin da aka yi kiwo a keji. Wannan ba farauta ba ce, kuma ta ja wa Afirka ta Kudu zagi mai yawa. Ka tuna zakin nan Cecil da aka kashe kusa da gandun Hwange na Zimbabuwe a 2015, yadda sunan wanda ya harbe shi ya zagaya duniya. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da yankunan da al'ummar karkara ke kula da su a Namibiya tun dokar 1996 da ta ba su wannan iko, inda kuɗi da nama ke isa ga mutanen ƙauye.

Bindiga kuma, shawarata ka yi haya a can. Shiga da taka Afirka ta Kudu sai ka cike takardar 'yan sanda mai suna SAPS 520, ga wahalar jirgi. Wasu dabbobin ma ba a fitar da fatarsu sai da izinin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, don haka ka tambaya tun kafin harbi. Nama ba a tahowa da shi. In kana son cin wanda ka harba, ka gaya musu tun da wuri kai za ka yanka.

Lokacin da ya fi shi ne Mayu zuwa Agusta, sanyinsu ke nan, ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin ruwa. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri. In ka samu tayin kamfani biyu ko uku, turo mini mu duba tare kafin ka biya ko sisi.

A gaida mutan gida da yara. Allah Ya bar zumunci.

Naka,
amininka.