Wasiƙa daga Gadarif: Ku Tambaye Mu Kafin Ku Rubuta Mu

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, kai da duk ma'aikatan gidan jaridarku. Ni Bahaushe ne, tsohon malamin makaranta a Gadarif, gabashin Sudan, garin dawa da riɗi. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Karatuna duka da Larabci na yi shi. Karanta Hausar boko kuwa sai da girma ya zo na koya, kuma jaridu irin taku a intanet su ne suka sa na dage. Saboda haka maganar da zan yi ta mai ƙaunarku ce, wanda yake buɗe shafinku kullum in akwai layi.

Abin da kuka rubuta a kan Sudan ba ya tsayawa a Kano ko Kaduna. Danginmu na Sakkwato da Damagaram da Makka suna karantawa, su ɗauke shi a matsayin gaskiya, su bugo mana waya cikin kuka. Wasu maƙwabtanmu na nan da ba sa ƙaunar zamanmu su ma suna gani, su ɗauki hotonsa, su mayar da shi Larabci, su watsa a Facebook. Labari ɗaya, masu karatu iri biyu, kuma kowanne da abin da zai yi da shi.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nil Azraƙ, wadda kuke rubutawa Blue Nile, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, Berta da Hamaj. An kashe mutum sama da 100 cikin 'yan kwanaki a wajejen Rusayris da Gaisan da Wad al-Mahi, dubbai suka bar gidajensu. A watan Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa sama da mutum 150 cikin kwana biyu. Tushen rikicin ƙasa ce. Hausawan jihar sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, waɗancan suka ce sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa, ku kuwa baƙi ne, ba ku da ƙasa a nan. A daidai wannan lokaci ne na riƙa ganin shafukan labarai na Hausa suna buga kanun cewa an kashe 'yan Najeriya a Sudan. Na san tausayi ne ya sa suka rubuta haka, suna so hukuma a Abuja ta motsa. Amma, Malam Edita, wannan ita ce ainihin hujjar masu korarmu, kuma sai ga ta a rubuce daga hannun 'yan'uwanmu. Na ga wani saurayi ya ɗora irin wannan kanu a shafinsa, ya rubuta a ƙasa da Larabci cewa ga shi nan, su da kansu sun amsa.

Waɗanda aka kashe a Wad al-Mahi 'yan Sudan ne, masu katin ɗan ƙasa na Sudan. Yawancinsu ba su taɓa taka Najeriya ba. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji da ƙafa tun ƙarnoni da suka wuce, wasu suka zauna a kan hanya suna noma don tara guzuri, zaman ya zama na dindindin. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, kuma garin yana nan har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanenmu yana cikin waɗanda suka noma su. Sudan ta samu 'yancin kai a 1956, muna ciki. Wannan tarihi ba ɓoyayye ba ne. Ɗan jaridar da zai ba shi awa ɗaya kafin ya rubuta kanu zai same shi.

Akwai 'yan Najeriya na gaske a Sudan, ban musa ba. Lokacin da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidti, waɗanda mu nan muke kira Da'am, ɗalibai da yawa na jami'o'in Hartum aka kwasa a motocin bas zuwa iyakar Masar, aka ɗauke su a jirgi daga Aswan zuwa Abuja, wasu kuma ta Bur Sudan, wato Port Sudan. Waɗannan su ne 'yan Najeriya mazauna Sudan, kuma kun bi labarinsu da kyau, Allah ya saka. Mu kuwa da ba mu da inda za a kwashe mu a kai mu, namu labarin daban ne, kuma ya cancanci a raba shi da nasu.

Wani abin da zan roƙa, wataƙila ba zai yi wa wasu mutanenmu daɗi ba. In kuna ba da labarin rikici irin na 2022, ku ba da shi duka. Berta da Hamaj su ma sun binne nasu. Da matasanmu suka fita zanga-zanga a Kassala a watan Yulin 2022, an ƙona ofisoshin gwamnati da shaguna, kuma wannan ma ya faru. Jaridar da ta ɓoye mini laifin nawa don ta faranta mini rai, ranar da ta faɗi laifin wani ba zan iya kai maganarta gaban maƙwabcina in ce ga shaida ba. Mu ne za mu ci gaba da cin kasuwa ɗaya da waɗannan mutane, 'ya'yanmu suna aji ɗaya da nasu. Rubutun da ya maida ƙabila guda makasa baki ɗaya, ko da don kare mu aka yi shi, a kanmu yake ƙarewa.

Sai maganar majiya. Kullum ina ganin "rahotanni sun ce" da "majiyoyi sun tabbatar". Waɗanne rahotanni? A wannan yaƙi kowane ɓangare yana da rundunarsa ta waya, matasa da aikinsu ke nan su ƙirƙiro labari su tura. Alƙaluman mamata kuwa suna da masu fitar da su, kuma kowanne da matsayinsa: ma'aikatar lafiya ta jiha, ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin likitoci, kwamitocin unguwanni, da matasan ɗakunan agajin gaggawa waɗanda suke dafa abinci a takiyya, wato wurin girkin sadaka na unguwa, suna raba wa mutane. In kun ce mutum kaza sun mutu, ku gaya mini wane ne a cikin waɗannan ya faɗa, kuma a wace rana. Ni na san nauyin da zan ɗora wa maganar kakakin soja, na san na likitan da ya ƙirga gawa da idonsa. In kun ɓoye mini mai maganar, kun hana ni yin wannan awo. In kuma daga wata kafa ta Larabci ko ta Turanci kuka ɗauko labarin kuka fassara, ku ambaci sunanta. Ba abin kunya ba ne, kowa ya san ba ku da wakili a kowane gari.

Bidiyo da hoto su ne suka fi yi mana ɓarna. A watan Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a mafi yawan ƙasar. Mutane suka koma biyan kuɗi wajen masu na'urar Starlink, mai kamo intanet ta tauraron ɗan'adam, don su tura saƙo ɗaya ko su karɓi kuɗi ta manhajar banki ta Bankak. A irin wannan hali labari yakan iso bayan kwanaki, ba rana ba wuri, sai wanda ya same shi ya maƙala masa sunan garin da ya ga dama. Da Da'am suka shiga Sinja, babban birnin jihar Sinnar, a ƙarshen watan Yunin 2024, jama'a suka kwararo mana nan Gadarif, makarantu suka cika da 'yan gudun hijira. A cikin kwanakin nan wani shafin labarai na Hausa, ba zan kama sunansa ba, ya sa bidiyon gawarwaki ya ce daga ƙauyen su matata ne, har da jerin sunaye. A cikin sunayen akwai na ƙanen mahaifinta. 'Yarsa da ke aure a Kano ta gani, aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku. Shi kuwa tsohon yana kan hanya a bayan tarakta da jikokinsa, wayarsa ba caji. Da ya iso gidana muka kira ta, ta kasa magana. Daga baya matasanmu suka gano cewa bidiyon tsoho ne, daga wani yanki dabam. Shafin bai ce uffan ba. Ya goge labarin kawai, kamar ba a taɓa yi ba. Amma hoton labarin yana ci gaba da yawo a WhatsApp, kuma har yanzu akan tura mini shi.

Kuskure ba ya kashe jarida, Malam Edita. Shiru a kansa ne yake cinye amana. In kun gano kun yi ba daidai ba, ku bar labarin a inda yake, ku rubuta a samansa cewa a rana kaza mun ce kaza, ba haka ba ne, ga daidai. Ku sa gyaran a duk inda kuka sa labarin farko, Facebook ne ko WhatsApp. Wanda ya ga kun gyara kanku sau ɗaya zai yarda da sauran abin da ba ku gyara ba.

Na san halin da kuke ciki. Talla ce take biyan albashi, masu talla kuma yawan masu dannawa suke dubawa, kanu mai tayar da hankali shi ke jawo dannawa, kuma wanda ya riga kowa sa labari shi ke kwashe mutane. Ban raina wannan matsi ba. Amma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, ba da gaggawa suka shiga zukatan mutane ba. Mahaifina yakan zauna da rediyonsa a ƙofar gida, in ya ji labari a sashen Hausa ya gama magana, ba mai ja da shi a majalisa. Wannan gado ne da aka bar muku, kuma ina ganin yadda ake kashe shi a kan dannawar yini ɗaya.

Abin da ya fi sauƙi a cikin duk abin da na faɗa shi ne ku kira mu. Akwai masu jin Hausa a Gadarif da Kassala da Damazin da Sinnar da Wad Madani da Bur Sudan. A cikinsu akwai malamai, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwar hatsi, da matasan da suka karanci aikin jarida suka rasa aiki saboda yaƙi. 'Yan jaridar Sudan sun sake kafa ƙungiyarsu a 2022 bayan sama da shekara 30 ba ta, ita ma ƙofa ce da za ku iya ƙwanƙwasawa. Kafin ku sa bidiyo, ku tura wa mutum biyu da suka san wurin, za su gane gari daga masallacinsa ko daga karin harshen masu magana. In wani ya yi muku aiki ku biya shi haƙƙinsa. In ya ce a sakaya sunansa ku sakaya, domin a nan akan kama mutum a shingen bincike saboda abin da aka gani a wayarsa, amma ku gaya wa mai karatu cewa kun sakaya ne da dalili, kuma ku kun san ko wane ne.

Kada kuma ku tuna da mu sai ranar da aka yi kisa. Sojoji sun karɓe Sinja a watan Nuwamban 2024, suka karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, mutane suka fara komawa gidajen da aka wawashe. Yadda manomi yake sake tayar da gona ba iri ba tarakta, da farashin riɗi a kasuwar Gadarif, da yaran da suka daɗe ba makaranta, duk labarai ne, kuma ban ga kun bi su ba.

Ina roƙon ka buga wannan wasiƙa. Ina kuma roƙon ku sa a shafinku, a inda kowa zai gani, sunan editan da ke kula da labaran ƙasashen waje da lambar da za a same shi, domin in mun ga an yi kuskure a kanmu mu san wanda za mu kira tun kafin labarin ya isa Kano.

Wassalam. Allah ya ƙara basira, ya ba Sudan zaman lafiya.

Mai karatunku,
tsohon malamin makaranta,
Gadarif, Sudan