Wasiƙa daga Dakota ta Kudu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman afuwa kan shirun da na yi tun bayan Babbar Sallah. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne zuwan da na yi Pine Ridge, yankin da aka keɓe wa 'yan ƙabilar Lakota, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, inda wani abokin aikina ya gayyace ni ibadarsu ta shekara-shekara da ake kira Rawar Rana.

Na san za ka ce na ƙetare teku don kallon rawa, to ka saurara tukuna. Tun daga bakin fili aka umarce ni in bar waya a mota, in cire takalmi, kuma kada in sha ruwa a gaban masu rawar, domin kwana huɗu suke yi ba ci ba sha cikin zafin rana, suna busa usur na ƙashin gaggafa.

Bishiyar da ke tsakiyar filin ce ta fi tsaya mini a rai. Idan sun sare ta, ba sa bari ta taɓa ƙasa. Tarbe ta suke yi da hannu su ɗauko ta a kafaɗa zuwa filin rawar, sannan su ɗaura mata ƙyallaye masu launi da aka ƙunshe taba a ciki, kowane ƙulli da addu'arsa. Wasu mazan sukan huda fatar ƙirjinsu, a ɗaure su da igiya a jikin bishiyar, su riƙa ja da baya har fatar ta tsinke. A nan kam na sunkuyar da kai, kuma kada ka kawo mini zancen sharo, domin abokin nawa ya ce saboda marasa lafiyarsu suke yi, jiki kuwa shi kaɗai ne abin da mutum ya mallaka da zai iya bayarwa.

Sukan rufe addu'a da "Mitakuye Oyasin", wato duka dangina ne, har da ɓauna da tsuntsu da dutse. Gwamnatin Amurka ta haramta rawar a 1883, kuma sai a 1978 doka ta kare musu 'yancin ibada. Da na ga yadda suke riƙe bishiya guda, sai na fahimci dalilin da ya sa har yau suka ƙi karɓar diyyar sama da dala miliyan 100 da Kotun Ƙoli ta tabbatar musu a 1980 kan tsaunukan Black Hills, ƙasarsu mai tsarki da gwamnati ta ƙwace musu.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.